Tuwon Gidan Surukai: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Neman Aure a Wani Gari

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin samari da 'yan mata, har da zawarawa, waɗanda zuciya ta ja su neman aure a garin da ba nasu ba. Ni da na tattara su Bazazzagi ne. Na yi bautar ƙasa a Ibadan, na taɓa neman aure a cikin birnin Kano bai yiwu ba, daga baya Allah ya nufa matata 'yar Maraɗi ce. In kun ji na karkata wani ɓangare, to kun san dalili.

1. Wai da gaske abinci yana iya ɓata neman aure?

Yana iyawa, amma ta bayan gida. Uwa ta wuni a madafa saboda an ce mai neman 'yarta zai zo, ta ɗauko man shanun da take ɓoyo don manyan baƙi, sai ga kwano ya dawo an ɗan yagi gefe ɗaya kawai. Kai a ranka kunya ka nuna, ita kuwa a ranta raina mata girki ka yi. Babu mai faɗa maka. Sai dai ka fara jin yaro yana dawowa da cewa wai ba ta nan, ta je gidan gwaggonta.

Akasin haka ma yana faruwa. Akwai gidan da in ka share kwano tas, washegari sunanka ya zama "mai cikin zani". Loma ɗaya ce, fassararta ce ta bambanta daga gari zuwa gari.

2. An kawo mini abinci a wurin zance. In ci ko in bari?

Ruwa dai ka sha, ko ba ka jin ƙishirwa. Zoɓo, kunun aya ko fura, ka kurɓa sosai. Abinci mai nauyi shi ne wurin lura. A tsofaffin unguwannin Kano da Katsina da Zariya, ba a son saurayi ya naɗe hannun riga ya zauna wa tuwon surukai kamar a gidansu yake. Ya ci kaɗan, ya yi hamdala, abokin rakiyarsa ya ƙarasa aikin. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake zuwa zance da aboki, kuma mai hankali yakan zaɓi aboki mai ci. Kada ka manta da ɗan tukuici ga yaron da ya ɗauko kwanon, domin shi ne zai kai rahoto cikin gida.

A gidajen Fulani kunyar ta fi haka tsanani (duba ta 6), a gidajen Yarabawa kuwa lissafin a juye yake (duba ta 8). Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi yarinyar tun kafin ranar: "A gidanku ya ake yi?" Ta fi kowa son ka fita kunya.

3. Duk ba Hausa ba ne? Me zai bambanta tuwon wani gari da na wani?

Ƙasa ce take raba mana tukunya. Inda damina take gajeruwa, kamar Sakkwato, arewacin Katsina, Daura da Damagaram, gero ne sarki, don haka fura a can abincin rana ce sosai, manomi ya sha ya koma gona. Da ka gangaro Funtuwa da Zariya da Saminaka, ruwa ya fi yawa, sai dawa da masara su karɓe gari. A fadamun Kabi shinkafa ce, ga kifi a Argungu da Yawuri. In ka hau Filato ko ka shiga kudancin Kaduna, za ka haɗu da acca.

Daga nan kowane gari ya fitar da abin alfaharinsa. Kanawa suna da gurasa, a yayyafa mata ruwa a barbaɗe ta da ƙuli da yaji da mai a ce bandashe. Bauchi ba ta da abokin gasa a masa. Mutanen Zamfara da Sakkwato suna gasa hoce. Mu kuma a Zazzau fate ne, na tsakin masara da yakuwa da alayyafo da ɗan gauta, wanda Kanawa suke yi mana dariya a kansa har su ce ba su san ko sha ake yi ko ci ba. Amsar ita ce duka biyun.

Amma abin da ya fi tayar da ƙura a sabon gida shi ne daddawa. Wanda ya tashi da daddawar kalwa, ta 'ya'yan ɗorawa, ranar da ya fara shaƙar daddawar batso, wadda ake yi da gurguzu, zai rantse wani abu ya lalace a tukunya. Babu abin da ya lalace. A wurin mai ita, miyar da babu batso ruwa ce kawai da gishiri.

4. Waina ce ko masa? Kullum sai mun yi musu.

Ku daina wahalar da kanku, tanda ɗaya ce. Bakano zai ce waina, mutumin Bauchi da Gombe zai ce masa, kuma kowa yana ganin ɗaya ne ya ɓata suna. Haka ganyen zogale ko rama da aka cuɗa da ƙuli: a Kano kwaɗo ne, a wajen Sakkwato da Zamfara za ka ji ana cewa ɗatu. Baƙon da bai san harshe sosai ba in aka ce masa yau kwaɗo aka yi, sai ka ga ya zare ido. Kuma da ka nufi yamma ko ka tsallaka Nijar, fura ta koma hura, lafiya ta koma lahiya.

5. Budurwata 'yar Nijar ce. Me zan tarar a can?

Da farko za ka tarar da gida. Daga Katsina ka bi ta Jibiya da Ɗan Isa ka shiga Maraɗi, ko daga Daura ka bi Kwangwalam da Matamaye zuwa Damagaram, za ka ga iyakar a takarda kawai take. Sarautar Maraɗi ma ta Katsinawa ce, waɗanda suka koma can bayan jihadi, ga Gobirawa a Tsibiri kusa da su. Kunya da gaisuwa da tsarin aure kusan duk irin naka ne.

Inda za ka yi tuntuɓe shi ne ƙananan abubuwa. Su Faransanci ya shiga Hausarsu kamar yadda Ingilishi ya shiga tamu. Makarantar boko lakwal ce, wayar hannu salula, malamin makaranta kuma mushe. Ranar da aka gaya mini ƙanin surukina mushe ne, sai da na yi salati. Sannan ga lissafin kuɗi: dala ɗaya sefa 5 ce, don haka in mai tsire ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi, jika ɗaya kuwa sefa 1,000. Ka koyi wannan kafin a zauna maganar kuɗin gaisuwa, kada ka amsa abin da ba ka fahimta ba.

A abinci, ka shirya wa dambu da zogale, da hura mai kauri, da doguwar burodi irin ta Faransa da safe. Kilishinsu ba ya buƙatar talla, albasar Galmi kuma ta yi suna har ƙasashen gaɓar teku. Za a ba ka cuku, busasshen nono mai faɗi kamar takarda. In aka ɗora shayi irin na Buzaye a kan gawayi, ka sani zagaye uku ne, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Wanda ya sha na farko ya miƙe ya ce yana sauri, ya nuna bai zo zama ba.

6. An ce neman 'yar Barno ko Bafulatana sai an shirya. Gaskiya ne?

Shirin kowanne daban. A Barno, bikin yana da matakai da yawa, ciki har da daren wushe-wushe, kuma a gidaje da dama da sulallan zinariya ake lissafa sadaki. Turaren wuta da humra a can ba kwalliya ba ce kawai, tarbiyya ce da uwa take koya wa 'yarta, saboda haka kada ka shiga ɗaki kana tari kana cewa hayaƙi ya yi yawa. A akushi za ka ga burabusko, da miyar yakuwa ko karkashi, da bandar kifi daga Baga. Karkashi tana da yauƙi sosai, mai koyo ya sa tsohuwar riga.

Wajen Fulani kuwa, abin da za ka shirya shi ne haƙuri da shiru. Kunya ginshiƙi ce a cikin abin da suke kira pulaaku. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukansa, sau da yawa ma ba ya bari a gan shi yana tauna. Za a kai maka ƙwarya wani wuri daban a bar ka kai kaɗai, kuma wannan girmamawa ce, ba wariya ba. Uwar yarinyar tana iya amsa gaisuwarka tana kallon gefe, ba ta kuma ambaci sunan 'yar ba in ta fari ce. Kada ka koma gida kana cewa ba sa sonka. In ba sa sonka, ba za ka ga kindirmo ba.

7. Saurayina ɗan Zango ne daga Ghana. Hausarsa ma wani iri nake jin ta.

Hausa ce, ta dai yi doguwar tafiya. Fataken goro ne suka kai ta Gwanja, kasuwar Salaga ta zama matattara, daga baya zangogi suka kafu a Kumasi da Ankara babban birnin Ghana, irin su Nima da Sabon Zango. A cikin Zango Hausa ce harshen kowa: Dagomba, Mosi, Wangara, Kotokoli, Zabarmawa. Shi ya sa ta sauƙaƙe, har bambancin namiji da mace ya kusa ɓacewa. In ya ce "mamana ya gaishe ki", ba raini ba ne, haka uwar ma za ta faɗa. Ki tambayi asalin gidansu, domin ɗan Zango ba lallai Bahaushe ne ba, kuma al'adar aure ta gidan za a bi.

Abincinsu zai ba ki mamaki don sunayen naki ne, ɗanɗanon nasu. Shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, wadda duk Ghana take ci da safe, sunanta daga kalmar wake ya fito. Amma a can ana jera mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da baƙin yajin nan shito. Tuwon zafi ya fi namu laushi, da miyar ayoyo ake ci. Kokonsu kuwa ya sha citta da kanumfari da barkono har sai kin yi gumi. Irin wannan labari ne a Sudan, inda jikokin mahajjata da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a garuruwa irin su Mai Wurno: tsirenmu ne ya zama agashe a can, amma a gida kisra da asida za a ajiye miki.

8. Ita Bayarabiya ce, Musulma. Iyayena sun yarda. Me ya rage?

Ya rage gwiwa da harshe. A wurinsu namiji yana kwanciya rub da ciki ya gaida manya, mace ta durƙusa. Tsugunon da kake yi wa mahaifinka a wurinsu rabin gaisuwa ne. Wasu gidajen malamai, musamman a Ilori, ba sa matsawa a kan kwanciyar, sai ka tambaya. Ita kuma za ka ga ba ta kiran ƙannenka da sunansu, ko da ta girme su, sai ta laƙaba musu wani suna na girmamawa. Ka yi wa 'yan gidanku bayani kada su ɗauka iyayi ne.

A abinci, ka manta da duk abin da na faɗa a amsa ta 2. Uwa Bayarabiya in ta zuba maka amala da ewedu da miyar wake, so take ta ga kwano ya koma fari, ta ƙara maka kana cewa ya isa. A Ibadan na taɓa yin kunyar Zazzau a gidan wani abokin aiki, sai ga tsohuwa ta zauna a gabana tana tambaya ko ba ni da lafiya ne. Abin da zai ba ka sauƙi shi ne rabin kayan ka san su: ewedu lalo ne, iru daddawa ce. Attarugu da manja ne sai a hankali. Nama kuma a ƙarshe ake ci, kada ka fara da shi.

9. Duk lokacin da na je, danginta sai tsokana. Har "bawanmu" suke ce mini.

To ka yi murna, an karɓe ka. Bincika ka gani, wataƙila akwai wasa tsakanin garinku da nasu. Kanawa da Zage-zagi abokan wasa ne, haka Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa. A Nijar abin ya yi ƙarfi har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da ake tattalinsu a 2014. Kuma mafi yawan wasan a kan ciki yake: wane ne ya fi son wake, wane ne ba ya iya wuce ƙwaryar nono.

Dokar wasa ɗaya ce, ba a fushi. Ka rama da abin da ya fi nasu daɗi, amma ka san da wa kake yi. Ƙannenta, kakanninta da taubasanta duk filinka ne. Mahaifinta da mahaifiyarta kuwa, ko garinku da nasu sun shekara dubu suna wasa, a gabansu kai suruki ne, kanka a ƙasa.

10. Yaya ake zance a da, kuma me ake kaiwa na toshi?

Mu da muka yi samartaka kafin wayar hannu ta shigo Najeriya a 2001, zance aiki ne na ƙafa. Ka yi wanka bayan la'asar ko bayan isha'i, ka fesa turaren aro, ka tsaya nesa da ƙofar gida kana jiran yaron da za ka aika. "Shiga ka ce wai ana sallama da wance." Daga nan sai jira. In ta fito da tabarma, ka ci nasara. In ta fito babu tabarma tana cewa an aike ta, ka fahimci karatun. Wani lokacin kuma ka tarar da wani ya riga ka, ku yi ta gaisawa da shi kamar 'yan uwa alhali kowa yana duba takalmin ɗan'uwansa.

Toshi a lokacin bai wuce tsire a ƙunshin takarda ba, da rake, da alawa don ƙanne, da 'yan kuɗin da za ka tura ƙarƙashin tabarma in za ka tashi, don ba a miƙawa hannu da hannu. Da azumi a kai kayan shan ruwa, da salla a kai atamfa da takalmi. A Kano na koyi cewa tsiren ba nata ba ne. Ciki take shiga da shi, kakarta ce take rabo, kuma wannan tsohuwa ita ce take da ƙuri'ar da ta fi ta kowa nauyi. Na gano haka a makare. Wanda ya kayar da ni goro yake kawo mata duk Juma'a, fari, manya.

Bayan mu aka yi zamanin kiran dare na kyauta, samari suna kwana a kan katanga suna neman sabis. Yanzu kuma WhatsApp ne da shawarma. Ban ce na da ya fi ba. Amma mai neman aure a wani gari ya sani cewa hirar waya ba ta nuna masa gidan, ba ta kuma nuna wa gidan shi.

11. Na yi masa girki na musamman, ya cinye bai ce komai ba. Bai ji daɗi ba ne?

In Bahaushe ne na gidan gargajiya, tsoron santi yake yi. An raine mu a kan cewa wanda daɗin abinci ya sa shi sakin baki, ya fara zuba zance kan abin da ba a tambaye shi ba, ya zama abin dariya. Saboda haka yabonsa a kwano yake: ya cinye, ya ce a ajiye masa saura don ɗumame. Ke da kika fito daga inda ake yaba mai girki a fili, wannan shirun zai yi miki ciwo, kuma kina da gaskiya. Ki gaya masa. "Sannu da aiki, Allah ya yi albarka" bayan an wanke hannu ba santi ba ne, kuma bakin kowa yana iya furta shi.

Haka in budurwa ta ƙi ci a gabanka, ko ta yi ta juya cokali. Ba ƙyamar abin da ka saya take yi ba. Ka sa a ƙunshe mata.

12. Wa ke yin lefe, wa ke yin gara, in al'adun sun saɓa?

A ƙasar Hausa an san rabon: ango ya yi lefe ya biya sadaki, iyayen amarya su yi kayan ɗaki da gara, wato buhunan abinci da mai da alkaki da nakiya da dubulan. A wurin Yarabawa kuwa dangin ango ne ake ba jerin abin da za su kawo, har da doya da zuma da goro. In ba a zauna ba, kowane ɓangare zai yi ta jiran abin da ɗayan bai san ana jira ba, a ƙarshe a ce an yi rowa.

Ku biyu kada ku yanke wannan a waya. A samu dattijuwa ɗaya daga kowane gida su zauna tun kafin sa rana, a faɗi komai da sunansa. Abin da addini ya wajabta sadaki ne, sauran duk ana iya ragewa in an yi magana da wuri.

13. Bayan biki, girkin wane gida za a bi?

Na wadda take riƙe da muciya, da farko. Amarya da aka raba da garinsu, kada a raba ta da miyar uwarta a wata na farko. Amma ke ma amarya, ki nemi abinci ɗaya tak da mijinki ya tashi da shi, ki je wurin mahaifiyarsa ki ce, "Inna, ki koya mini yadda kike yi." Ko kin iya, ki je. Ba na jin akwai lefen da yake saye zuciyar uwar miji kamar wannan tambaya. A gidana yau ana fate ranar Asabar, ana dambu da zogale ranar Lahadi, batso kuma yana da gwangwaninsa mai murfi biyu, bisa yarjejeniya.

14. Akwai abin da ba zan iya ci ba sam. Ya zan ƙi ba tare da na ɓata wa kowa ba?

In lalura ce, kamar gyambon ciki ko ciwon suga ko hawan jini, faɗi kai tsaye, kuma yarinyar ta sanar da cikin gida kafin a ɗora tukunya. Babu mai jin haushin mara lafiya. In kuwa rai ne kawai bai so, kamar ganda ko dodon koɗi ko yauƙin karkashi, to kada ka yatsine fuska, kada ka shinshina, kada kuma ka tambaya "mene ne wannan?" da irin muryar nan. Ka ci abin da ke gefensa da kyau, ka ce wannan ba ka saba ba tukuna. Kalmar "tukuna" tana da amfani ƙwarai. Ƙaryar azumin nafila kuwa kada ka fara, domin za a ajiye maka shi har magariba.

Ni fara ce ta kama ni. Zuwana na biyu Maraɗi, kakar matata ta aiko mini da faranti cike da soyayyiyar fara, ta sha yaji da lemun tsami, ta kuma zauna a bakin ƙofa tana kallo. Na ɗauki ɗaya na cire ƙafafun kamar yadda na ga yara suna yi, na rufe ido na tauna. Ta ce, "Bazazzagi, ya ka ji ta?" Na ce, "Kaka, ban saba ba tukuna." Ta yi dariya har da tafa hannu, ta sa aka ɗauke aka kawo mini kilishi. Har ta rasu, duk wanda zai zo Zariya sai ta ba shi ƙullin fara ya kawo mini, wai ko tukunan ta ƙare.